A Yi Wa A-Kori-Kura Rumfa Tun Ruwa Bai Sauka Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titi a Kwatarkwashi da la'asar cikin watan Agusta, sa'ad da hadari ya haɗo daga gabas, ya san abin da za a yi magana a kansa a wannan fili. Motoci a-kori-kura su kan taso daga wajen Tsafe sun nufi Gusau, an shaƙe su da buhunan masara da dawa da waken suya, bisa buhunan kuma ga mutane sun yi ɗare-ɗare. Da ruwa ya kece sai direba ya taka burki, yaron mota ya diro ya jawo wata tsohuwar leda ko yagaggen tamfol, fasinja su kama gefe-gefe, iska na fizgewa. Kafin a shiga Gusau kowa ya jiƙe sharkaf. Na mutane mai sauƙi ne, don mutum ya kan shanya rigarsa ta bushe. Amma hatsin da ya sha ruwa cikin buhu ba ya komawa yadda ya ke.

Manomi ya yi sharar gona tun da bazara, ya yi huɗa, ya yi shuka, ya yi noman fari da maimai, ya ci bashin taki, ya girbe, ya sussuke, ya sheƙe, ya ɗura a buhu. A waɗannan shekaru kuwa da yawa daga manoman Tsafe da Bunguɗu da ƙauyukan Gusau sun yi wannan aiki kunne a tsaye, ido na kan daji, saboda 'yan bindiga. Bayan wannan wahala duka, sai tafiyar awa 1 ko 2 a bayan buɗaɗɗiyar mota ta rage wa amfanin daraja. Ya isa kasuwa, mai saye ya zura hannu cikin buhu ya ji sanyi, ya ce, "Baba, ai wannan masara ta sha ruwa." Tsoho ya ce, "Wallahi, Alhaji, a bushe na ɗoro ta." Dukansu gaskiya suka faɗa, amma farashi ya riga ya faɗi. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Hatsi bai zama kuɗi ba sai ya isa hannun mai saye lafiya.

Don haka ra'ayin wannan fili shi ne, duk motar da ke dakon amfanin gona a wannan yanki ya kamata a gyara mata daɓe, a yi mata rumfa mai rufi da ƙofa, a keɓe mata wurin ajiye magani da mai. Amma ba ko wane rufi ke nan ba. Akwai rufin da ya fi rashinsa illa, za a zo kansa nan gaba.

BA SABON ABU BA NE

Kakanni ba su san mota ba, amma sun san rufe kaya. Fatake da ke bin hanyar Zamfara da jakuna da takarkarai su kan zuba hatsi cikin taiki da waga na fata, su lulluɓe da buzu, don sun san ruwan hanya ba ya sallama. Da aka shimfiɗa layin dogo daga Zariya ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, auduga da gyaɗar ƙasar nan suka riƙa tafiya cikin taragai masu rufi, ko an ja musu tamfol an ɗaure tam. Manyan motocin da suka biyo baya kuwa kafintoci ke yi musu bodin katako, da sanduna a bisa don shimfiɗa tamfol.

Ko ita a-kori-kurar, da rumfarta aka san ta. Sa'ad da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, ƙirar 404, da 504 da ta gaje ta, su ne jakunan ƙauye, da yawansu kuma da ƙarafan rumfa da tamfol su ke yawo. Daga baya Toyota Hilux da 'yan uwanta suka cika hanya, yawancinsu 'yan Kwatano, bayansu tsirara. Waɗanda ke da rumfa ma sai masu su suka cire, wai tana hana tula kaya. Watau abin da a ke kira a yi ba baƙo ba ne. Tsohuwar dabara ce aka yar saboda kwaɗayin lodi.

ABOKAN GABAN KAYA A HANYA

Na fari shi ne ruwa. Masara da dawa ba su ajiyuwa sai damshin da ke cikinsu ya sauka zuwa wajen kashi 13 cikin 100, ɓarzajjiyar gyaɗa kuwa sai ya sauka wajen kashi 7 ko 8. In buhu ya jiƙe aka jibge shi cikin sito ba a shanya ba, 'yan kwanaki kaɗan sai funfuna ta kama. Wata irin funfuna da ke son gyaɗa da masara tana haifar da guba da masana ke kira afalatoksin. An gano ta bayan 1960, shekarar da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda cin tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil. Wannan guba tana lalata hanta, tana jawo sankararta, tana tsumburar da yara. Dafuwa ba ta kashe ta. Abin baƙin ciki kuwa, hatsin da ɗan kasuwa ya ƙi saye, shi ne a kan mayar gida a ci, ko a ba kaji.

Ruwa bai bar taki ba. Takin yuriya da NPK suna jawo damshi ko daga iska, balle ruwan sama. Buhun kilo 50 da ya jiƙe a hanyar Bunguɗu zuwa Nahuce ya kan dunƙule kamar dutse, wani sashe ya narke ya tsiyaye. Abin da ya tsiyaye ɗin kuma ba banza ya tafi ba, ƙarfen motar ya ke ci.

Na biyu rana. A watan Afrilu zafi a Gusau ya kan kai digiri 40 a inuwa, ƙarfen bayan mota kuwa har ba ya taɓuwa. Tumatir da tattasai da alayyafo na fadamun Gulbin Sakkwato wajen Bunguɗu su kan yi yaushi kafin su kai kasuwa. Irin shuka da aka bari bisa ƙarfe mai zafi yini guda ya kan rasa ƙarfin tsiro, musamman waken suya da gyaɗa, waɗanda irinsu ba ya jure wahala. Manomi ya shuka, tsiro ya fito da giɓi, ya ɗora laifi kan mai sayar da iri, alhali a mota aka kashe shi.

Na uku dauɗa. Motar da ta yi dakon awaki jiya, ta ɗauki siminti shekaranjiya, jarkar fetur ta ɗiga a ciki makon jiya, ita ce yau za a jibga wa buhunan gari. Auduga kuma in ta kwashi ƙura da baƙin mai sai ta faɗi daraja a wurin awo.

Na huɗu dogon hannu. Mota ta tsaya a tasha, direba ya shiga masallaci ko ya zauna wajen mai shayi, buhu yana fili, reza ɗaya ta isa. In an zo sauke kaya aka ga buhu ya rame, sai rigima ta tashi tsakanin mutanen da suka yi shekaru suna amana.

A FARA DA DAƁE

Mai gini ba ya fara ɗaki daga jinka. Kafin a yi zancen rumfa, a duba ƙasan bayan motar. A kwashe kome, a wanke da ruwa da omo, a bari ya bushe sarai. A sa burushin ƙarfe da sanfefa a kankare tsatsa har ƙarfe ya fito fes. Inda ya huje a kai wa mai walda ya yi faci, kada a toshe da tsumma ko kwali. Sa'an nan a shafa jan fentin nan na hana tsatsa sau 2, a bar na fari ya bushe kafin na biyu, a bi da fentin mai a bisa. A lura da ƙananan hudojin da masu ƙera mota suka bari a kusurwoyin gaba, don ta nan ruwa ke fita. Wanda ya toshe su ya mai da bayan motarsa kwatarniya.

Bayan fenti sai shimfiɗar katako. A sami busassun falankai masu kaurin inci 1, a jera su a tsawon mota bisa gicciyen katako 3 ko 4, a bar 'yar tazara kamar kaurin yatsa tsakaninsu. Amfanin wannan shi ne buhu ba ya taɓa ƙarfe, in ruwa ya shiga ta ƙarƙashi zai bi, iska kuma tana ratsawa. A yanka tsohuwar roba ko tsohon tayar mota a liƙa ƙarƙashin gicciyen don kada katako ya goge fenti. A nutsar da kan ko wace ƙusa cikin katako, a goge gefuna, don ƙusa ɗaya da ta leƙo ta isa ta farke buhu tun daga Magami har Gusau, hatsi na zuba ba wanda ya sani. Tudun nan biyu da ke bisa tayoyin baya su ma a lulluɓe su da roba ko katako.

Lalle a yi shimfiɗar gida 2 ko 3 yadda mutum ɗaya zai iya ɗaga ta, a riƙa fitar da ita ana sharewa. Kada a shafa wa katakon baƙin mai wai don gara, kamar yadda a ke yi wa azara. Abinci za a ɗora a kai.

A manyan garuruwa a kan sami wata roba da a ke fesa wa bayan mota ta manne da ƙarfe, da wata kamar babban daro da a ke zurawa a ciki. Ta fesawa tana da kyau ga mai hali. Ta zurawa kuwa sai an yi hattara, don ruwa da yashi su kan ɓuya ƙarƙashinta, tsatsa ta yi ta ci a ɓoye. Ga motar ƙauye, fenti da katako sun wadatar, kuma ko wane kafinta a Tsafe ko Bunguɗu zai iya gyara su.

SA'AN NAN RUMFA

A sa mai walda ya lanƙwasa bututun ƙarfe mai kaurin inci 1 ko 1 da rabi, baka 3 ko 4, ya haɗa su da na tsawo. Ko wane baka ya yi ɗan doro a tsakiya, don in saman ya kwanta shimfiɗe ruwa zai taru ya yi tafki, tamfol ya lotsa ya yage. A ɗaure ƙafafun rumfar da noti a jikin mota, kada a yi musu walda. Walda tana ƙone fenti, nan tsatsa ke farawa, kuma rumfar da aka ɗaure da noti ana iya sauke ta ran da za a ɗauko kara ko dogayen itatuwa.

Kada tsayin rumfa ya wuce kan direba da yawa. Rumfa mai tsawo tana kokawa da iska, ta ƙara shan mai, kuma tana kiran yaron mota ya yi ta tula kaya har sama. Kayan da ya yi tsiri kuwa shi ke kifar da mota a kwana ko a gargada.

Gefuna biyu a sa musu ragar ƙarfe mai ƙananan idanu, wadda hannu ba ya shiga. A baya a yi ƙofa ta raga mai sakata da kwaɗo. Bisa wannan duka sai a ja tamfol mai kauri, fari ko mai haske, don baƙi yana tara zafi. Tilas leɓen tamfol ya sauko ya rufe bakin bodi ta waje, aƙalla taƙi guda. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa: a bar tamfol ya ƙare ta ciki, duk ruwan da ya zubo daga sama sai ya bi shi ya sauka kan buhuna. Gaba, wajen kan direba, a rufe shi ruf, don ta nan iska ke tura ruwa. Gefuna da baya kuwa a yi su yadda za a naɗe sama a ɗaure, in gari ya yi zafi iska ta ratsa ta cikin raga, in hadari ya taso a sako su cikin minti 2.

RUFIN DA YA FI RASHINSA ILLA

Wasu sun ga motocin kamfanonin birni masu dakon biskit da magani, sai suka sa aka ƙera musu akwatin langa-langa a rufe ruf, ba taga ba kafa. Wannan bai dace da kayan gona ba. Amfanin gona yana numfashi, yana fitar da zafi da damshi. A cikin rufaffen akwatin ƙarfe, rana ta dafa shi da yini, da dare ƙarfe ya huce, gumi ya taru a rufi ya riƙa ɗiga kan buhuna. Watau an gudu daga ruwan sama an faɗa wa ruwan ɗaki. Albasa da tumatir kuwa ruɓewa za su yi.

Akwai abin da ya fi wannan. Hayaƙin salansa yana ɗauke da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. In mota na tafiya, iskar baya ta kan jawo hayaƙin cikin rufaffen bodi, musamman in salansa ta huje. Mutum ya ji ciwon kai da barci, in abin ya daɗe ba ya farkawa. Don haka ba a sa mutum ko dabba cikin bodin da aka rufe ba mashigar iska. Wanda ya fi son rufin kwano da na tamfol, to, ya yi masa farin fenti, ya liƙa silin ko siririn katako ta ciki, ya bar gefuna da raga.

AKWATIN MAGANI DA MAI

Ko wace motar dakon amfanin gona ta sami ƙaramin akwatin ƙarfe mai kwaɗo, a ɗaure shi da noti a kusurwar baya. A nan za a riƙa sa kwalaben maganin feshi da na ciyawa da baƙin mai da kayan gyara. Jarkar fetur ba ta kwana wuri ɗaya da abinci. Kwalbar magani ɗaya in ta fashe cikin lodi, ba wanda zai iya tantance buhun da ta taɓa.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Zamfara kuwa ta fi kowa sanin abin da ƙura mai guba ke yi, tun da a 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Motar da ta yi dakon irin wannan dutse ko ƙasarsa, ba a sa mata abinci sai an cire shimfiɗa an wanke ta tas, nesa da rijiya da wurin wasan yara. Buhun da aka zuba dutsen a ciki kuwa ya haramta ga hatsi har abada.

Har wa yau, kada rumfa ta sa wani ya ce ya sami wurin turara hatsi. Ƙwayar Phostoxin da a ke sa wa buhu tana fitar da iskar da ke kashe mutum kamar yadda ta ke kashe ƙwaro. Ba a yin wannan aiki cikin mota, ba a kuma ɗora buhun da ƙwayar ke aiki a cikinsa mutane su zauna a kai. Mai son ajiye wake ba magani ya nemi buhun nan mai ciki 3 da a ke kira PICS. Shi kuwa in ƙusa ta huda shi ya tashi aiki, wanda ya ƙara nuna amfanin shimfiɗa mai santsi.

YADDA A KE LODI

Yawancin waɗannan motoci an ƙera su don ɗaukar wajen tan 1, watau kilo 1,000, kuma nauyin direba da yaron mota da fasinja duk yana ciki. Buhu 10 ke nan masu kilo 100, ko ƙasa da haka. Katako da rumfa su ma suna da nasu nauyi. In sun kai kilo 100, to, buhu 1 ya fita daga lissafi. Saboda haka a gaya wa mai walda tun farko kada ya zuba ƙarfe kamar mai ƙera ƙofar sito.

Kaya mai nauyi a sa shi gaba, kusa da kan direba, a ƙasa. Mara nauyi a bisa. In aka tara nauyi a bayan tayoyin baya sai gaban mota ya ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako, burki ya rage kamu. A daidaita dama da hagu. A sa ƙugiyoyi a jikin bodi a ɗaure lodi da igiya, don rumfa ba ta hana buhu zamewa. Kada tamfol ya rufe fitilun baya ko lamba. Tumatir kuwa ya fi lafiya cikin kwandunan roba masu hawa kan juna, irin waɗanda cibiyar binciken adana amfanin gona ta NSPRI da wasunta suka daɗe suna kira a yi amfani da su, don na bisa ba ya danne na ƙasa.

Manomi shi ma da nasa. Rumfa ba ta busar da ɗanyen hatsi. Kafin ya ɗura, ya zuba ɗan hatsi da busasshen gishiri cikin busasshiyar kwalba, ya toshe ya girgiza, ya bari jim kaɗan. In gishiri ya manne a jikin kwalba, hatsin bai bushe ba, ya koma shanya.

ABIN DA MASU MOTA KE CEWA

Mai mota zai ce ba kuɗi. Gaskiya ne, tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023 kuɗin fetur da na kayan gyara suka hau, ribar dako ta ragu. Amma ya zauna ya lasafta sau nawa ya kai mota wajen faci saboda taki ya cinye mata ciki, sau nawa aka rage masa kuɗin dako saboda kaya ya jiƙe, kwana nawa ya yi zaune cikin damina don masu kaya na tsoron hadari. Kuma ba dole a yi duka rana ɗaya ba. Wannan wata fenti da katako, wata mai zuwa ƙarafa, bayansa tamfol, raga ta biyo baya.

Zai ce rumfa za ta hana shi lodin da ya saba. Wannan ma gaskiya ne, kuma yana cikin amfaninta. Buhu 20 bisa motar buhu 10, ribarsa ta yini ɗaya ce. Sifirin da ya karye, da tayar da ta fashe, da tarar Hukumar Kiyaye Haɗurra, su ke cinye ta. Motar da ta lalace da magariba a hanyar daji a wannan zamani kuwa, kowa ya san ba kaya kaɗai ke cikin hatsari ba. Garin neman gira a kan rasa ido.

Zai ce rufaffiyar mota tana jawo zargi a shingen jami'an tsaro. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, ba kuwa za a raina ta ba. Ba a manta da ƙarshen daminar 2021 ba, sa'ad da Gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako na wani lokaci, ta hana sayar da mai a jarka, don toshe wa 'yan bindiga hanyar samun kaya. Jami'i yana da dalilin son ganin abin da ke cikin mota. To, ai shi ya sa aka ce raga da tamfol mai naɗewa, ba akwatin ƙarfe ba. Yaron mota ya ɗaga gefe, jami'i ya ga buhuna a jere, a wuce. Ya fi sauƙin dubawa bisa ga tulin kayan da aka naɗe da leda aka ɗaure da igiya 10.

WA ZAI FARA?

Mai mota shi ne na fari, don shi ya karɓi amana. Malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya sun daɗe da tsananta wa mai dakon abinci fiye da mai dakon sauran kaya, suka ce in abinci ya salwanta a hannunsa shi zai biya, sai fa in ya kawo shaidar ba sakacinsa ba ne. Kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski.

Amma manoma da 'yan kasuwa kada su tsaya jiran alheri. Muddin mai kaya zai zaɓi buɗaɗɗiyar mota don rangwamen 'yan nairori a kan buhu, ba direban da zai kashe kuɗinsa a kan rumfa. Ƙungiyoyin manoma da na masu sayar da hatsi a Gusau da Tsafe da Bunguɗu da Mada su yi shawara, su ce daga farkon damina har ƙarshen kaka mota mai rumfa ce za a fara yi wa lodi, a kuma ƙara mata ɗan abu a kan ko wane buhu. Ƙungiyar direbobi a tasha ta yi adashi, ko wane wata a rufe mota 1 ko 2. Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda da Kwalejin Aikin Gona ta Bakura za su iya fitar da zanen rumfa mara nauyi a takarda ɗaya, da Hausa, a raba wa masu walda, malaman gona kuma su kai maganar ƙauyuka tare da ta iri da taki.

Lokacin wannan aiki shi ne rani, sa'ad da fenti ke bushewa da wuri, katako ba damshi, mai walda bai cika da gyaran garma da galma ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya bari sai hadari ya haɗo bisa dutsen Kwatarkwashi, to, tsohuwar ledar nan zai sake jawowa, buhunan wani talaka kuma su sake shan ruwa.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya kai kowa da kayansa gida lafiya, amin.